Lambun Bayan Ɗakin Dije

Ku da kuka san Yaya Ɗanjuma kun san ba ya shiga wuri bai ɗanɗana ƙasar wurin ba. Wallahi ba ƙari nake ba. Zai yi sallama a ƙofar gida, kafin a amsa ya duƙa, ya tsinci ƙasa da yatsu biyu, ya murza, ya sansana, ya ɗora a harshe. Sai ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana gishirin miya, ya yanke hukunci: "Wannan ta ƙoshi," ko kuwa, "Kayya, wannan da yunwa take kwana." Ni Lami ni ke bi masa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun da maigidana ya rasu na dawo gidansa nan Malumfashi ya ba ni ɗaki. Saboda haka duk kunyar da ya jawo wa dangi, da ni aka sha ta.

Lokacin da aka je Mahuta nema wa babban ɗansa Isma'ila aure, mazan da suka raka shi sun dawo suna riƙe ciki. Wai ana cikin gaisuwa, uban yarinya ya soma jero asalinsu, sai Yaya ya ɗaga gefen tabarma ya lashi ƙasar zauren mutane. Ya ce, "Alhaji, huta da bayani. Mun karɓa. Gidan da ƙasarsa take haka ba ya fitar da ragguwa." Har yau in matar Isma'ila ta ɓata mini rai sai in ce mata, "Ke da ƙasar zaure ta yi wa aure!"

To abin da nake son in ba ku labarinsa ya faro ne daga gwiwa. Gwiwoyinsa suka kumbura, tun yana ɓoyewa har ya zama sai an kama shi yake tashi daga sallah. Ni da Isma'ila muka kai shi asibiti Funtua. Likita yaro ne mai ladabi, yana ta bayani, shi kuwa Yaya hankalinsa na kan wata tukunyar fure da ke bakin taga. Ina harararsa, ina taka masa ƙafa, ina! Sai da ya miƙa hannu ya lasa.

"Likita, wa ya zuba maka wannan ƙasa? Ko ƙaya ba za ta tsiro a cikinta ba."

Likita ya yi dariya ya ce, "Baba, ai furen roba ne."

Yaya ya ce, "Allah ya taimake shi. Da mai rai ne da tuni an yi sadakar bakwai."

Aka yi dariya, amma hukuncin da likita ya yanke bai zo da dariya ba: ba hawan babur, ba duƙawa a kunya, ba zuwa gona. Isma'ila ya ɗauke babur ya kai gidansa. Gonarsa ta ƙauyen Ƙarfi yara suka karɓa, su kuma masara da waken soya kawai suka sani, 'yar fadamar da ke gindin gonar, inda Yaya yake lambunsa tun yana saurayi, suka bar ta ciyawa ta cinye.

Nan fa aka shiga uku. Mutumin nan tun da ya yi wayo bai taɓa cin ganyen da ba hannunsa ne ya shuka ba, ya kuwa rantse ba zai fara da furfura ba. In matarsa Dije ta yi miyar alayyafon kasuwa, sai ya ture kwano ya ce a ba shi tuwo da gishiri. Wata rana ni da Dije muka haɗa baki, na sayo tumatir masu kyau na ce wani abokinsa ne ya tsinko a bayan gida ya aiko masa. Ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya dube ni.

"Lami, wannan tumatir ya hau mota."

Na ce, "Haba Yaya, wace irin mota?"

"Motar Danja. Kuma a ƙasan kwando ya zauna, an danne shi."

Ku kuna dariya yanzu, mu a lokacin ba ma yi. Rigunansa suka soma yi masa yawa. Sai ya wuni a zaure yana kallon masu wucewa da fartanya, ba ya ko tsokanar jikoki. Ni na ga manoma da yawa da aka hana su gona, ba ciwon ke kai su ba, zaman ne. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ni kuwa in na ji tsoro faɗa nake yi. Ran nan ya sake ture kwano, na miƙe tsaye na ce, "To tun da kai ba ka cin na kowa, ga tsakar gida nan, sai ka noma ta mu huta!"

Baƙar magana na yi masa. Shi kuwa ya ɗaga kai ya bi tsakar gidan da kallo, daga bakin rijiya har turken awaki, sannan ya ce, "Ashe kina da hankali, Lami. Shekara sittin ina jira." Ban san aiki na jawo mana ba.

Na ɗauka washegari zai kama sara. Ahaf! Wai sai ya zaɓi wuri, kuma wai ba a zaɓen wurin lambu da gaggawa, ba mata ba ce. Ya sa aka tara masa tokar murhu a tsohon kwano. Da hantsi ya dogara sanda ya bi bakin inuwa yana zuba toka, rana ta take ya sake zubawa, da la'asar ya sake, har tsakar gida ta koma kamar zanen gado. Ya hana shara. Mu mata biyu da tsintsiya a hannu muna kallon gida yana ƙazanta, in baƙi suka shigo sai mu ce Malam ne ke wani aiki, su kuwa su tsallake layin toka da bisimilla, sun ɗauka asiri ne. Kaji suka tona masa layi ɗaya, ya wuni ba ya magana da Dije, wai ita ta turo su.

Na gaji, na soma nuna masa wurare don a gama.

"Ga kusa da madafa nan, fili fetal."

"Hayaƙi. Kina son alayyafo mai tari?"

"To gindin darbejiya."

"Ɓarauniya ce. Sama ta sace rana, ƙasa ta sace ruwa."

"To bakin zaure mana, ka huta da tafiya."

"Duk wanda ya shigo ya zuba masa ido, ya ce a sam masa na miya? Ganye ba ya son kallo."

Na ce, "To ka shuka a kaina!" Ya dubi ɗankwalina da gaske kamar mai shawara, ya ce rana tana samun wurin, sai dai ƙasar ba ta da zurfi.

Akwai wani lungu ta yamma da ya kusa yarda da shi, sai ya gano mangwaron maƙwabciyarmu Mama Chidi yana jefo inuwa ta kan katanga tun kafin la'asar. Kun san Mama Chidi mai shagon kwanuka, nan garin aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunku. Ya dogara har ƙofarta, ina biye da shi don kada ya yi ɓarna.

"Maman Chidi, ƙara na kawo. Inuwarki tana shigo mini gida kullum, ba sallama."

Ko gezau ba ta yi ba, tana ɗaura ɗankwali za ta kasuwa. Ta ce, "Ayya Baba, ba ta jin magana. In ta sake shigowa ka kama ta ka ɗaure a turke, in na taso kasuwa na zo na karɓa."

Tun da nake ban taɓa ganin an rufe wa Yaya baki ba sai ran nan. Muna dawowa yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Wannan yarinya, da namiji ce da ta yi alƙali."

Ana haka ruwa ya sauka. Na ce alhamdu lillahi, ruwa ya wanke toka, yanzu sai shuka. Ashe sabon karatu za a buɗe. Duk sa'ad da hadari ya haɗo, mutane na gudu ɗaki, shi sai ya fito da kujerarsa 'yar tsugunno tsakar gida, ya kifa daron wanki a ka, ya zauna yana kallon inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Kun san ƙasar nan tamu, laka ce, in ta sha sai ta riƙe. Ya riƙa sakin ɓawon gyaɗa a kan ruwa yana bin sa da ido. Dije na leƙe ta taga tana salati, ni ina ihu, "Yaya, gwiwa ce ta kai mu Funtua, so kake haƙarƙari ya mai da mu?" Daga ƙarƙashin daro muryarsa ta fito kamar ta cikin rijiya: "Ki yi shiru, kina firgita mini ruwa."

Amma fa in faɗi gaskiya, a kwanakin nan ya soma cin abinci. Tuwo da gishirin ne dai, amma yana cinyewa har ya nemi ƙari.

Wata safiya ya buga mini ƙofa da sanda, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya samu wuri. Ya ja ni bayan ɗakin Dije, ta gabas, wani ɗan fili tsakanin ɗakin da katanga wanda ba mai bi ta nan. Ya ce rana tana fara gaishe shi tun da sassafe, in ta yi zafi ɗakin ya kare shi. Ruwa ba ya kwana, gangarawa yake. Rijiya ga ta nan kusa, awaki kuma ƙyaure ɗaya ya ishe su. Yana lissafi, ni kuwa na san wurin, na san za a yi rigima.

Ya aika aka ɗauko fartanya. Ya tofa yawu a hannu ke nan sai ga Dije. Dijen da kuka sani, wadda a zamansu duka ban taɓa jin ta ce masa a'a ba, ko da ya ce rana daga yamma take fitowa sai ta ce haka ne Malam. Ta zo ta tsaya a tsakiyar filin da ludayi a hannu.

"Ba nan ba, Malam."

"Hajiya, matsa mana."

"Ba nan ba."

"Saboda me? Rana ce ba ta yi miki ba, ko ruwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ko'ina a gidan nan ka sara, har tsakar ɗakina. Ban da nan."

Ya yi juyin duniya ta faɗi dalili, ta ƙi. Ya yi fushi irin wanda ban taɓa gani ba, ya jefar da fartanya ya koma zaure. Kwana da kwanaki ba ya shiga harkar kowa, kwanon tuwo yana dawowa yadda aka kai shi. Damina kuwa ba ta jiran mai fushi, masarar mutane har ta kai gwiwa. Ita ma Dije ba ta ci, tana tuƙa tuwo tana share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne. Tsofaffi biyu za su kashe mini kansu a kan filin da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba.

Abin da Yaya bai sani ba, mu mata mun sani. In mace ta haihu, mabiyiya, wato abin nan da ke biyo bayan jariri, ungozoma ce ke wanke ta ta binne a bayan ɗaki, maza suna can zaure suna karɓar barka, ba mai gaya musu inda aka sa. Ta duk 'ya'yan Dije a wannan fili take. Kuma ku yara da yawanku kun ɗauka Isma'ila ne ɗan farinsu. Ba shi ba ne. Akwai Auwalu, wanda ya sha suna da ragonsa, bai kai kwana arba'in ba ya koma. Maza suka ɗauke shi suka kai maƙabarta, mu mata ba ma zuwa, Dije ba ta san ko ta wace kusurwa aka sa shi ba. Abin da ya rage mata nasa a duniya shi ne wannan bayan ɗaki. Ga kuma alkunyar ɗan fari irin ta mutanen da: ba ta taɓa kama sunansa ba yana raye, balle bayan ransa, balle a gaban mijinta. Ko za a yanka ta ba za ta iya buɗe baki ta ce ga dalili ba.

Na same shi a zaure bayan azahar, na zauna ba tare da ya ce in zauna ba.

"Yaya, kai da ka san ɗanɗanon ƙasar Mahuta da ta Funtua, ta bayan ɗakin matarka ce ba ka sani ba."

Na gaya masa. Da na kai kan Auwalu sai ya kau da kai ya dubi bango. Na ce a raina shi ke nan, lambu ya mutu, shi ma zai bi shi, ni ce kuma na ƙarasa shi da bakina.

Can sai ya ce, "Lami."

"Na'am."

"Cewa ta yi kada a sara."

"Haka ta ce."

"Ta ce kada a ɗora?"

Kun ji mutumin! Ni ina hawaye, shi yana neman ƙofa a cikin magana. Ya miƙe da sandarsa har bakin madafa, ya tsaya daga waje kamar baƙo, ya ce, "Hajiya, in ban taɓa ƙasar nan ba, ko da farce, na kawo tawa na ɗora a kai, kin yarda?" Dije ba ta juyo ba. Tana juya muciya ta ce, "In dai ba za a huda ba." Iyakar maganar da suka yi ke nan a kai, ba wanda ya ambaci kowa.

Aka kwaso tsofaffin bulo da suka rage daga ginin katanga, aka jera su a kan ƙasa ba tare da an haƙa tushe ba, aka tayar da fangali har tsayin gwiwa, irin wanda zai zauna a kujera ya miƙa hannu ba sai ya duƙa ba. Ƙasar cikawa kuwa ya ce sai ta fadamarsa ta Ƙarfi. Isma'ila ya ga nisa, ya sa 'yan acaɓa suka ɗebo buhu biyu a nan bayan gari. Yaya ya kwance bakin buhu ya lasa, ya tofar.

"Isma'ila, wannan ta bakin titi ce. Har da ɗanɗanon taya."

Dole aka koma Ƙarfi. Kwana biyu babura na shigowa da buhuna, shi yana zaune a ƙofa yana karɓarsu ɗaya bayan ɗaya kamar masu dawowa daga aikin hajji, har da "Sannunku da hanya." Ya gauraya da takin awaki da ya ruɓe, ya cika fangali biyar, daidai yawan haihuwar Dije, bai kuwa ce wa kowa ga abin da ya sa biyar ba.

Sai dokar shiga. Duk irin da za a shuka sai ya amsa tambaya: sama ya nufa ko ƙasa? Alayyafo ya wuce, rama da yakuwa suka wuce, tumatir da attaruhu suka wuce. Jikarsa ta kawo irin karas daga makaranta, ya ce ta mayar, mai tono ne. Rogo da dankali ko sunansu ba a faɗa a wurin. Mama Chidi ta leƙo da 'ya'yan ugu, ganyen miyarsu mai yaɗo, a gefen zane, ya tsare ta da ido.

"Wannan baƙon naki ina ya nufa?"

"Sama, Baba. Katanga zai hau."

"In ya hau ya leƙa gidanki fa?"

"Sai mu yi canji da inuwa."

Ranar da aka fara yankar alayyafo, shi da kansa ya yanka, ya kai wa Dije a hannu. Ta yi miya da gyaɗa. Ya cinye malmala uku, ya suɗe kwano, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Dije ta yi dariya har da tafa hannu, don rabon da ya kushe mata miya tun kafin asibiti, kuma ta san in ya kushe to ya ji daɗi.

Damina uku ya yi yana wannan lambu, da rani kuma a ja ruwa a rijiya. Ya yi ƙiba, ya koma tsokanar jikoki, ya koma ba ni haushi. Fangali huɗu ya raɗa musu sunayen 'ya'yansa, har in tumatir ya yi lalaci sai ka ji yana faɗa, "Isma'ila, halinka ne wannan!" Na jikin bangon ɗakin ne kawai bai taɓa kiran sa da suna ba, kuma ba ya barin kowa ya ba shi ruwa sai shi. Dije kuwa sai ta ɗauko tsintar shinkafarta ta zauna a bakin wurin, shi yana cire ciyawa da yatsu, su wuni a haka. Na sha leƙa su in koma da baya.

Da ciwon ajali ya zo, bai daɗe ba. Ya kwanta a ɗakin Dije, aka buɗe masa tagar da ke kallon lambun. Ranar da zai cika, da hantsi, ina zaune ina yi masa fifita, Dije ta shigo da bokiti a hannu, gefen zaninta a jiƙe. Ya buɗe ido ya dube ta. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da na kasa kunne.

"Hajiya, an ba yaron nan ruwa?"

Shekara hamsin da wani abu suna tare, ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci yaron nan a gaban ɗaya ba. Ta ajiye bokitin, ta durƙusa a bakin gado, ta ce, "Ya sha, Malam. Ya ƙoshi."

Ya ce, "To madalla," ya lumshe ido.

Allah ya jiƙan Yaya Ɗanjuma, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi. Allah ya sada shi da yaronsa a inda ba a rabuwa. Ita kuma Dije, Allah ya ƙara mata haƙuri da ƙarfin jan guga. Amin.